Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga masu tsara manhaja da sufetocin makarantu: kun ce a yi aikin bincike, ku ba mu damar yinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, iyayenmu kuma shugabanninmu a harkar ilimi, ina gaishe ku da aiki, ina kuma roƙon Allah ya ƙara muku basira a kan nauyin da ke wuyanku. Ni malamar aji ce. Na fara koyarwa a firamare, daga baya aka mayar da ni ƙaramar sakandare inda nake koyar da lissafi da kimiyya. Wannan wasiƙa ba tawa ba ce ni kaɗai. Na rubuta ta da yawun abokan aikina da muka zauna muka tattauna, maza da mata, da kuma yawun yaran da muke tsayawa a gabansu kullum, waɗanda ba su da hanyar da muryarsu za ta iso gare ku sai ta bakinmu.

A farkon wannan shekara takardar umarni ta iso mana. Ta ce kowane aji, daga aji uku na firamare zuwa aji uku na ƙaramar sakandare, ya gabatar da aikin bincike guda ɗaya a kowane zango, wanda ya haɗa darussa aƙalla biyu, a kuma baje shi ranar da sufeto zai zo. Wallahi da yawanmu mun yi murna, domin abin da muka daɗe muna roƙo ke nan. Sai dai takardar shafi ɗaya ce. Ta faɗi abin da ake son gani a ƙarshe, ta yi shiru a kan lokaci, da shiri, da yadda za a ba da maki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, shi ya sa na ga ya dace ku ji abin da wannan shirun ya haifar a cikin aji.

Kafin ƙorafi, bari in nuna muku abin da muke nufi idan muka ce aikin bincike, don kada mu riƙa magana ɗaya da ma'ana biyu.

Wata shekara, ina riƙe da aji biyar, na kafa sanda mai tsawon mita ɗaya a tsakiyar filin makaranta, na tambayi yara: yaushe inuwarta za ta fi gajarta? Duk suka ce ƙarfe goma sha biyu. Na ce mu gani. Mako uku muna fita rukuni-rukuni, kowane rabin awa, da tef ɗin awo da littafi. Sai da na koya musu karanta santimita da kyau, domin wasu daga lamba ɗaya suke fara awo maimakon sifili. Sai da suka koyi zana jadawali, sannan zanen da ke nuna hawa da saukar lambobi. Sai da muka yi darasin juyawar duniya da fitila da ƙwallo. A cikin ajin akwai wata yarinya da ba ta taɓa ɗaga hannu ba tun farkon shekara. Ita ce ta zo da littafinta, ta ɗora yatsa a kan layi, ta ce: "Malama, ba sha biyu daidai ba ne, kuma kullum haka yake fitowa." Gaskiyarta. Tsayuwar rana a tsaka ba ta cika dacewa da sha biyun agogo ba, ya danganta da inda kake da kuma lokacin shekara. Ranar ta tsaya gaban aji ta kare maganarta da lambobi, muryarta na rawa, amma ba ta janye ba. A ƙarshe na ba su labarin Eratostenis, masanin da ya zauna a Iskandariyya sama da shekara 2,200 da suka wuce, wanda ya kwatanta inuwar tsakar rana a can da ta garin da yanzu ake kira Aswan, ya samu bambancin kusan kashi ɗaya cikin hamsin na da'ira, ya kuma lissafo kewayen duniya da shi. Kowane rukuni ya rubuta rahoto, ya karanta wa 'yan aji huɗu. Lissafi, kimiyya, tarihi da rubutu duk sun shiga, kuma ba wanda na cusa da ƙarfi. Tambayar ce ta jawo su.

Abin da nake so ku lura da shi: ilimin ya samu ne a cikin makonnin ukun nan. Ranar ƙarshe babu wani abin kallo in ban da sanda da littattafai masu datti.

To ga damuwarmu ta farko, kuma ita ce uwa: lokaci. Jadawalin darussa bai canza ko da minti ɗaya ba. Darasi minti 35 ne ko 40. Ka fitar da yara daga aji, ka raba su rukuni, ka raba kayan awo, minti goma sha biyar sun tafi. Suna fara gardama mai amfani a kan wace lamba ce daidai, ƙararrawa ta kaɗa, malamin wani darasi yana tsaye bakin ƙofa. A firamare, inda malami ɗaya ke riƙe da aji, ana iya dabara a haɗa darasi biyu, kodayake sufeto idan ya zo ya tarar da lissafi a lokacin da jadawali ya ce rubutu, sai ya rubuta a kanka. A ƙaramar sakandare kuwa ba ma hanya, tunda kowane darasi da malaminsa. Sakamakon shi ne aikin ya koma na gida. Kuma aikin binciken da aka tura gida ya riga ya fita daga hannun malami.

Ƙasashen da suka ɗauki wannan hanya da gaske, jadawali suka fara taɓawa. A Japan, tun 2002 aka keɓe wa karatun haɗaka, wato karatun da ke haɗa darussa da dama, lokacinsa na kansa daga aji uku na firamare, darasi sama da 100 a shekara da farko, daga baya aka rage zuwa 70. Ko da aka rage, yana nan a rubuce cikin jadawali, ba wanda zai ce malami ya saci lokaci. A Finlan, manhajar da aka amince da ita a 2014, aka fara aiki da ita a 2016, ta wajabta wa makarantu su ba kowane ɗalibi aƙalla babi ɗaya na karatun haɗaka a shekara, ta kuma ce a sa ɗalibai cikin tsara shi. Guda ɗaya a shekara, ranku ya daɗe, kuma ba su soke darussan da aka saba ba. Mu an ce uku a shekara, ba tare da an ba mu awa ɗaya ba.

Ta biyu: an ce a haɗa darussa, amma ba a haɗa malamai ba. Ni da malamin harshe muna koyar da yara ɗaya, amma lokacin hutuna shi yana aji, lokacin hutunsa ni ina aji. Shirin da muka yi na wannan zango a tsaye muka yi shi, a baranda, tsakanin ƙararrawa biyu. Abin da ke fitowa daga irin wannan shiri shi ne haɗin gambiza. A zaɓi jigo, a ce "ruwa". Malamin lissafi ya ba da tambayoyi goma da aka sa kalmar ruwa a ciki. Malamin harshe ya ce a rubuta insha'i a kan ruwa. Malamin zane ya ce a zana kogi. Jigo ɗaya ne, amma babu darasin da ke bukatar ɗan'uwansa. Ku kwatanta da ajin da aka tambaya: lita nawa famfon makarantarmu da ke ɗiga yake zubarwa a rana, kuma wa za mu rubuta wa ya gyara? Nan yaro ba zai iya rubuta wasiƙar ba sai ya yi lissafin, kuma lissafin ba shi da amfani sai an rubuta wasiƙar. Samo irin wannan tambaya aiki ne mai cin lokaci. Sai malamai sun zauna sun fara daga ƙarshe: me muke so yaro ya iya bayan mako huɗu, da me za mu gane ya iya, sannan wane aiki zai kai shi can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku ita ce ta fi yi mini ciwo, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Da takardar ta ɗaura komai a kan ranar baje koli, sai kowa ya fahimci cewa abin da ido zai gani shi ne abin da za a yaba. Makarantu suka shiga gasar kwali da gam da fenti. A zangon da ya wuce, a wani baje koli da na halarta, na tsaya gaban wani samfurin gida mai hawa biyu, har da ƙananan fitilu masu kamawa da batir. Ya burge kowa, manyan baƙi suka ɗauki hoto. Na sunkuya na tambayi yaron da ke tsaye kusa da shi: idan na cire wannan waya, me zai faru, kuma don me? Ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Daga baya ya ce yayansa ne ya haɗa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. An ce masa ya kawo abu mai kyau, ya kawo. A teburin da ke gefe akwai yara uku da suka shuka iri a gwangwani shida, uku a rana uku a inuwa, suna auna tsiro da rula duk kwana biyu. Takardarsu ta yamutse, ganyen wasu ya yi rawaya. Na yi musu tambaya ɗaya, suka ba ni amsa huɗu, har suna katse juna. Ba wanda ya ɗauki hotonsu, kuma su ne ba su samu ko yabo ba.

Ku dubi abin da wannan ke koya wa yara. Wanda gidansu akwai mai ilimi da kayan aiki ya tashi da lambar yabo ba tare da ya koyi komai ba. Wanda iyayensa ba su da hali ya ɗauka cewa aikin bincike ba na irinsa ba ne. Iyaye kuma sun fara kallon abin a matsayin wani sabon nauyi da makaranta ta ɗora musu, kuma suna da gaskiya. Mun ɗauko hanyar da aka ƙirƙira don kowane yaro ya sa hannu da tunani, mun mayar da ita ma'aunin ƙarfin gida. Tun 1918, da William Kilpatrick, almajirin masanin ilimi John Dewey, ya rubuta maƙalar da ta yaɗa wannan hanya a Amurka, abin da ya jaddada shi ne aikin ya kasance da manufar da yaron kansa ya riƙe da zuciya ɗaya. Gidan kwalin da yaya ya haɗa da dare, ina manufar ƙanin a ciki?

Ta huɗu: maki. Jerin batutuwan da za a gama a zango bai ragu ba, jarrabawa ba ta canza ba, takardar sakamako ba ta da gurbin aikin bincike. Yaro ɗan shekara goma sha uku ya san lissafin riba. Idan ya ga abu ba ya shiga sakamako, ba zai ba shi zuciyarsa ba. Inda aka ba da maki kuma, na rukuni ake bayarwa dunƙule, yara biyu su yi aiki, shida su raba lada. Malami da ya ba aikin mako huɗu na gaskiya, shi ne zai zo ƙarshen zango da batutuwa uku ba a taɓa ba, a kira shi ofis.

Ta biyar ta shafi horon da aka ba mu. Taron bita ne na yini ɗaya, kuma saƙon da muka fito da shi shi ne malami ya ja baya, yara su gano komai da kansu. Ranku ya daɗe, ni mai son wannan hanya ce, amma wannan saƙo yana da haɗari. Yaron da bai iya raba lamba ba, ba zai gano rabawa don an ba shi tef ɗin awo ba. A 2006 masana uku, Kirschner da Sweller da Clark, sun yi rubutu mai ƙarfi suna nuna cewa mai koyo da bai da tushe, idan aka sake shi ba jagora, kansa cika yake da abubuwa barkatai ya fita ba riba. Abin da muke gani a aji ya gaskata su. A Ingila, gidauniyar EEF, mai ɗaukar nauyin bincike a kan ilimi, ta gwada koyarwa ta aikin bincike a kan 'yan shekara 11 zuwa 12, ta fitar da rahoto a 2016: ba a ga ci gaba a karatu da rubutu ba, alamu ma sun nuna koma baya ga yaran gidajen marasa ƙarfi, kuma kusan rabin makarantun da suka fara sun janye kafin a gama, abin da ya rage ƙarfin sakamakon amma ya nuna nauyin aikin. A gefe guda, a jihar Michigan ta Amurka, binciken da aka bayyana a 2021 a makarantu 46 ya nuna 'yan aji uku da suka koyi kimiyya ta wannan hanya sun zarce takwarorinsu da maki 8 cikin ɗari a gwajin kimiyya. Su waɗannan malaman an ba su babuka shiryayyu, an kuma ci gaba da horar da su a cikin shekara. Hanyar tana aiki idan an tallafe ta, tana iya cutarwa idan an jefa ta aka tafi. Kuma kada mu manta da alƙaluman da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022, cewa kusan kashi 70 cikin ɗari na 'yan shekara goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi ba sa iya karanta gajeren rubutu su fahimta. Duk aikin binciken da ba a saƙa karatu da rubutu a cikinsa ba, yaron da ya fi bukata shi zai bari a baya, yana riƙe wa wasu almakashi.

Batun yawan yara a aji da ƙarancin kayan aiki kun san shi, ba sai na tsawaita ba. Zan ce dai aikin inuwar nan sanda ɗaya ya ci da tef huɗu.

Yanzu ga abin da muke roƙo.

Ku rage adadin. Aiki ɗaya a shekara, ko biyu ga makarantar da ta shirya, mai tsawon mako uku zuwa biyar, ya fi uku da za a yi a guje. Ku kuma sa shi cikin jadawali a rubuce: darasi biyu a jere, sau biyu a mako, a tsawon makonnin aikin, domin malami ya daina jin kamar yana aikata laifi idan ya fita da yara fili.

Ku ba malaman da ke koyar da aji ɗaya awa guda a mako da za su zauna tare, a cikin lokacin aiki, tun zangon da ya gabaci wanda za a yi aikin. Wannan ba ya bukatar gini ko sayen komai, gyaran jadawali ne kawai, kuma shugabannin makarantu za su yi idan umarni ya zo daga gare ku.

Ku buɗe manhaja ku nuna mana, aji-aji, batutuwan da za a iya koyarwa ta cikin aikin bincike, ta yadda idan an yi su a can ba sai an sake maimaita su a allo don cika takarda ba. Tare da haka muna roƙon misalai cikakku, ko da biyu ga kowane aji, masu ɗauke da tambayar da za ta ja aikin, da darussan da malami zai koyar kai tsaye da ranar da suka dace, da abin da yara za su karanta, da abin da za su rubuta, da inda aka saba samun tuntuɓe. Malaman aji ne ya kamata su rubuta su, su gwada su a aji na gaske mai cunkoso, kafin a raba. Muna da waɗanda za su iya, mun san su.

Ku haramta kai aikin bincike gida. Duk abin da za a baje, a aji za a yi shi, a gaban malami, da kayan da kowane yaro zai iya samu.

Ku gyara yadda ake ba da maki. Kowane yaro ya riƙe littafin aikinsa, inda zai rubuta hasashensa na farko, da awonsa, da kuskurensa, da gyaransa. A ba littafin kaso mafi girma, a ba bayanin da yaro ya yi da bakinsa kaso, aikin rukuni ya ɗauki ƙaramin kaso, duka kuma su shiga takardar sakamako. Akwai wani malami a Amurka, Ron Berger, da ya shahara da nuna zanen malam-buɗe-littafi da wani ɗan aji ɗaya ya yi sau shida, kowane karo bayan abokansa sun faɗa masa takamaiman abin da zai gyara, har na shida ya fito kamar na littafin kimiyya. Mai duba na shida kaɗai zai ce yaron haziƙi ne. Mai duba shidan a jere shi zai ga koyarwa. Irin wannan jeren muke so a riƙa dubawa.

Ga sufetoci kuma, roƙonmu mai sauƙi ne: ku zo a tsakiyar aiki, mako na biyu, lokacin da aji ke da hayaniya kuma ba a gama komai ba. Ku zaɓi yara uku da kanku, har da na bencin baya, ku tambaye su me suke nema, me suka gano, me ya ba su wahala. Ku buɗe littattafansu. Idan kuka yi haka sau biyu, gasar kwali za ta mutu da kanta, domin makarantu abin da kuke dubawa suke shiryawa.

Horon kuma a raba shi cikin shekara: a koya mana, mu je mu gwada, mu dawo da littattafan yara a hannu a duba tare. Malaman Japan sun daɗe da tsarin da malamai ke shirya darasi tare, ɗaya ya koyar sauran na kallon yadda yara ke ɗauka, sannan su zauna su gyara. Makarantu uku ko huɗu da ke kusa da juna za su iya yin haka.

Muna roƙon ku dakatar da baje kolin wannan zango, ku kira zama da malaman aji kafin a fitar da jadawalin zango mai zuwa. Idan kun ba mu rana, za mu zo da littattafan yaranmu, masu kyau da marasa kyau, da daftarin babuka biyu da muka riga muka fara rubutawa, ɗaya na aji huɗu a kan tsiro da haske, ɗaya na aji biyu na ƙaramar sakandare a kan ruwan da makaranta ke asara. Ƙofar ajina kuma a buɗe take ga duk wanda ya so zuwa daga cikinku, ba sai an sanar da ni ba.

Allah ya taimake ku, ya sa albarka a aikinku.

Taku cikin girmamawa,
Wata malamar aji, a madadin abokan aikinta.